Kuɗin fito a gadojin Yamai: wa zai biya, wa zai karɓa?

 

Tambayar da aka ɗora mini ita ce: shin ya kamata a kafa shinge a bakin gadojin Yamai, a riƙa karɓar kuɗi daga duk wanda zai ƙetare kogi, kamar yadda ake yi a wata gada ta birnin Abijan? Magana ce da takan fito daga bakin ƴan kasuwa da ma'aikatan da suka je can suka gani, suka dawo suna cewa ai ga dabarar da za ta sa gada ta riƙe kanta da kanta. Zan faɗi matsayina tun yanzu, don kowa ya san inda zai kama ni in an zo tambayoyi: ban yarda a karɓi kuɗi a kan gadojin cikin birni ba. Amma na san gada tana cin kuɗi, kuma dole wani ya biya. Abin da nike so mu bincika tare shi ne ko wane ne wannan wani, da kuma inda kuɗinsa suke shiga.

Hausa tana da kalma ga wannan al'amari tun kafin Nasara ya zo: kuɗin fito. Yau in an ambace ta, hankalinmu kan tafi ga duwan da harajin kayan da aka shigo da su daga waje, alhali kuwa asalinta bakin ruwa ne. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro, da jakunansu da kanwarsu da tufafin Kano, ba su da wata hanya sai sun ƙetare Kwara, ko a Say, ko a Gaya da Ilo, ko ta wajen Yawuri. A kowane mashigi akwai masu jirgi, akwai sarkin da ruwan yake ƙarƙashinsa, kuma madugu ya san ba zai wuce ba sai an daidaita. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, a Say ya ƙetare cikin watan Yuni na 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu, a cikin jiragen katako, shi da raƙumansa. Abin lura a nan shi ne, wanda ya biya a wancan zamani yana ganin abin da ya saya da idonsa. Ga jirgi, ga mai tuƙi da zufarsa, ga hayin da aka sauke shi. In jirgin ya nutse, an san wanda za a tambaya. Da wannan ma'auni nike so mu auna duk wani kuɗin da za a ce mu biya a bakin ruwa yau, domin Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka maido shi Yamai a 1926, a gefe guda na kogi suka gina shi. Ɗaya gefen, wanda Zabarmawa suke kira Harobanda, wato bayan ruwa, ya zamna ƙauyuka da gonaki da mashayar dabbobi. Mai mota sai ya jira bak, wato babban jirgin fito na inji, mai ƙafa kuma ya shiga kwale-kwale. Haka aka yi ta yi har shekara 10 bayan samun ƴancin kai, sannan a ƙarshen 1970, zamanin shugaba Diori Hamani, aka buɗe gadar Kennedy da aka gina da kuɗin Amurka, mai tsawon wajen mita 700, da layi biyu na mota, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa.

Wannan gada ita ta haifi Harobanda da muka sani yau. Can aka kai jami'ar da ta zama jami'ar Abdou Moumouni a 1992, can aka kafa cibiyar AGRHYMET, can aka gina babban asibitin Lamorde. Ta kanta hanyar Torodi da Makalondi take bi zuwa Burkina Faso, ta kanta ake zuwa Say. Ƙidayar 1977 ta samu mutanen Yamai ba su kai 250,000 ba. Ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya. A tsawon shekara 40, daga 1970 zuwa 2011, duk wannan jama'a gada guda take bi: taksi da faba-faba, kamyon kaya, amalanken jaki, raƙuma ɗauke da itace da ciyawa, garken shanu, ɗalibi da takardunsa, mai naƙuda a bayan mota. Duk wanda ya yi karatu a hayin can, kamar ni, ya san abin da ake nufi in an ce mota ta mutu a tsakiyar gada da ƙarfe 7 da rabi na safe.

Gada guda ga birni kamar maƙogwaro guda ne ga mutum, wanda ya riƙe shi ya riƙe numfashi. Yawancin waɗanda suke zamne a wannan ɗaki, har da mai magana, ko dai ba a haife su ba ko suna goye a ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, amma babu wanda bai tashi da labarinta ba. Ɗalibai suka fito daga jami'a za su shiga gari su kai kukansu a kan matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi ilimi. Hanya ɗaya ce, hukuma kuma ta san da haka. Aka tare su a gadar Kennedy, aka buɗe wuta, ɗalibai 3 suka rasu bisa lissafin hukuma, wasu da dama suka ji rauni. Jinin da ya zuba a wurin yana cikin abin da ya tilasta wa gwamnatin Janar Ali Saibou karɓar tsarin jam'iyyu barkatai, ya kuma kai ƙasar ga babban taron ƙasa da ya zamna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Na kawo wannan ne domin masu lissafin kuɗi sukan manta cewa wurin karɓar kuɗi shinge ne, shinge kuma yana da mai buɗewa da mai rufewa. Mutanen Legas sun ga haka a daren 20 ga Oktoba 2020, lokacin da soja suka buɗe wuta a kan matasan da suka taru a wurin karɓar kuɗin hanya na Lekki. Ba na cewa duk wanda ya kawo shawarar shinge yana da mugun nufi. Ina dai cewa a birnin da ya taɓa ganin 9 ga Fabrairu, maganar kafa ƙofa ta dindindin tsakanin jami'a da fadar gwamnati ta fi ƙarfin ma'aikatar kuɗi ita kaɗai.

Gada ta biyu, ta zumuncin Sin da Nijar, an soma ta zamanin shugaba Tandja Mamadou, aka buɗe ta a 2011, da layi huɗu. Ta uku, mai sunan Janar Seyni Kountché, ta wajen Gudel, an buɗe ta a watan Fabrairu na 2021, ita ma da kuɗin ƙasar Sin. A cikin shekarar kuma aka buɗe gadar Farye, kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Tilaberi, wadda ta maye gurbin tsohon bak ɗin da mutanen Gotey da Tera suka sha wahalarsa, aka sa mata sunan Djibo Bakary, zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Babu ɗaya daga cikinsu da wani kamfani ya gina da dukiyarsa bisa sharaɗin zai maido da ita daga aljihun masu wucewa.

A nan ne misalin Abijan ya rabu da namu. Gadar Henri Konan Bédié, wadda aka buɗe a watan Disamba na 2014 tsakanin Riviera da Marcory, kamfanin Bouygues na Faransa ne ya jagoranci gina ta da kuɗin ƴan kasuwa da bankuna, aka kuma ba su izinin karɓar kuɗi na shekara 30. Farashin da aka buɗe ta da shi sefa 500 ne ga ƙaramar mota, wato dala 100 a lissafinmu, manyan motoci kuma 1,500 da 3,000. Wannan ciniki ne bayyananne: wani ya zuba dukiyarsa, yana karɓar abinsa. Sannan mutumin Abijan da ba shi da dala 100 yana da tsofaffin gadoji biyu na kyauta, ta Houphouët-Boigny da ta De Gaulle, sai dai ya haƙura da cunkoso. Mai kuɗi yana sayen lokaci ne, marar kuɗi yana biya da lokaci. Mutum yana iya ƙin wannan tsari, amma yana da hujjar da za a iya karewa. To mu a Yamai, in aka kafa shinge a kan gadar da aka riga aka gina tun 1970, wane ne mai bin bashin? Me za a ce wa mai babur ya saya?

Mu yi ɗan lissafi, na misali kawai. A ce an sa wa babur sefa 100, dala 20, abin da mai magana a ofis zai ce ai ba komi ba ne. Malamin makaranta ko mai gadi da yake kwana a Karaje ko Kirkisoy, yana aiki a cikin gari, zai biya 200 a yini. A kwana 26 na aiki ya biya 5,200. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke ya tsaya a sefa 30,047 tun 2012, sai a farkon 2024 aka ɗaga shi zuwa 42,000. Ke nan kusan kashi ɗaya cikin takwas na wannan albashi zai tafi a bakin gada, kafin a sayi mai, kafin a auno hatsi. Wanda ba shi da babur kuwa bai tsira ba, don mai taksi ba daga aljihunsa zai biya ba. Dama can mutanen hayi sun san yadda direba yakan yamutsa fuska in an ce masa Harobanda, ko ya ce sai an biya kuɗin mutum biyu. Mai kawo latas da kabeji daga garakan bakin kogi zai ɗora abin a kan kwando, mai saye a kasuwa ya biya.

Kuma su wa suke zamne a can? Ban da malaman jami'a da ƴan tsirarun masu hali, galibi mutane ne da tsadar haya da ta fili ta tura su bayan ruwa. Su ne kuma kogin yakan fara ci. A watan Satumba na 2020, lokacin da ruwa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa rubutawa ba kafin nan, datsiyar Lamorde ta fashe, unguwar da maƙwabtanta suka kwana cikin ruwa, dubban iyalai suka koma makarantu da tantuna. Kuɗin gada a cikin birni, in an tuɓe masa riga, lanho ne da aka ɗora wa mutum saboda gefen da gidansa yake. Mutumin Plateau yana iya yin wata 6 bai ƙetare ba, na Lamorde kuwa ba shi da wannan zaɓi.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu, masu shawarar shinge suna da gaskiya a wuri guda. Wanda ya ba ka gada bai yi maka alkawarin zai riƙa gyara ta ba. Gadar Kennedy ta haura shekara 50. Ƙarfe yana tsatsa, mahaɗan da suke barin gada ta miƙe da zafi ta tsuke da sanyi suna cinyewa, ruwa yana ƙwaƙule ƙasar da take gindin ginshiƙai, musamman a kogi irin namu mai cika sau biyu a shekara, jan ruwan damina a Agusta da Satumba, da baƙin ruwan da yake gangarowa daga Gini ya iso mu cikin sanyi. Wannan aiki ne na injiniyoyi da masu nutso, ana yin sa lokaci zuwa lokaci ko da ido bai ga tsaga ba, kuma yana da tsada.

To wa yake lalata hanya? Injiniyoyi sun daɗe da auna wannan. Ɓarnar da mota take yi wa kwalta ba daidai take tafiya da nauyinta ba, tana ninkuwa ne: in aka ninka nauyin da yake kan ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar takan ninku kusan sau 16. Babur dubu ba su yi wa gada abin da kamyo guda mai lodin da ya wuce ƙa'ida yake yi mata ba. Ƙasashen UEMOA sun san da haka, shi ya sa tun 2005 suka sa hannu a kan doka mai lamba 14, wadda ta ƙayyade nauyin da ya halatta, ta kuma tanadi awo da tara da sauke rarar kaya. Shekara da shekaru ana ɗage cikakken aiki da ita, saboda masu motoci suna kuka, hukumomi kuma suna jin tsoron tsadar kaya. In ana neman wanda zai biya gyaran gada bisa adalci, ga shi nan, ma'auninsa kuma sikeli ne a ƙofar gari.

Abu na biyu, mun riga muna biya. Duk wanda ya fita Yamai da mota zuwa Doso, ko ya fita Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san igiyar peyaji da ɗan tikitin da ake miƙo masa. Akwai kuma kason da ake cirewa a kan kuɗin mai don gyaran hanyoyi. Domin waɗannan kuɗi aka kafa asusun CAFER a 1999, aka kuma sake masa tsari a 2017 ya koma FER. Ba na tuhumar kowa da komi a nan. Tambaya ce ta ɗan jarida: nawa aka karɓa bara a kowace ƙofa ta Yamai, nawa ya isa asusu, nawa aka kashe a kan gadoji, yaushe aka yi wa gadar Kennedy binciken ƙarshe, me kuma binciken ya nuna? Waɗannan ba asirin tsaron ƙasa ba ne. Takarda guda ta isa, a manna ta a jikin rumfar peyaji, a karanta ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci. Hukumar da ba ta nuna wa direba inda dala 100 ɗinsa ta jiya ta shiga ba, da wane baki za ta nemi wata a hannunsa gobe?

Duk wannan muhawara ta mutanen da suke da gada ce. Kwara tana ratsa ƙasarmu tsawon wajen kilomita 550, gadojinta kuwa uku a Yamai, ɗaya a Farye, sai ta Gaya. A tsakaninsu kuɗin fito bai taɓa mutuwa ba. Matar da take zuwa kasuwar Bubon ranar Laraba daga hayin can, manomin shinkafa da gonarsa take tsibiri, mutanen da suke tsakanin Kollo da Say, duk kwale-kwale suke shiga, suna biya kowace rana, ba tikiti, ba rigar da take hana nutsewa, ba wanda ya ƙidaya mutum nawa jirgin ya ɗauka, ga iska, ga dorina. In hatsari ya auku sai a yi ta'aziyya a ce ƙaddara, a jira na gaba.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna mana cewa mai gada ma yana iya komawa ga mai jirgi cikin dare ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, wadda mafi yawan kayanmu na tashar Kwatano suke bi ta kanta. Ko bayan da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, ɓangaren Nijar ya ci gaba da zama a rufe. Matafiya suka riƙa sauka daga mota a wannan gefe, su shiga kwale-kwale da kayansu a ƙarƙashin gadar da take tsaye lafiya lau, su hau wata motar a wancan gefe, suna biyan mai jirgi da ɗan dako da mai babur. Manyan motoci kuma suka koma zagayawa daga Lome ta Burkina Faso su shigo ta Tera da rakiyar soja, kowa kuma ya ga sakamakon a farashin shinkafa. A watan Agusta na 2024 kuma, ba ma kogin ba, ƙorama ce ta cika ta shafe hanya a Sorey, ƙofar Yamai ta gabas, inda titin Doso da Maraɗi da Damagaram yake shigowa. Babban birnin ƙasa ya yi kwanaki kusan a yanke, motocin mai da na abinci suka yi layi, matafiya suka koma jirgi. Kadarkon da ba wanda ya san sunansa a Maraɗi shi ya tsayar da fasinjan Maraɗi.

Saboda haka, shugaba, in da ni za a tambaya inda ya kamata hukuma ta sa hannunta a harkar fito, sai in ce ta fara da inda ake biya tun tuni. Magadan gari na bakin kogi su yi rajistar jiragen da suke ɗaukar mutane, a rubuta wa kowane jirgi adadin da zai ɗauka a jikinsa, a yanke farashi tare da sarakunan ruwa da Sarkawa, waɗanda suka fi kowane ofis sanin halin kogin, a kuma ɗauki wani abu daga asusun gyaran hanya a sayi rigunan ruwa, tunda mashigi ma hanya ne. Kadarkai da magudanan da suke ƙofofin Yamai a sake auna su da irin ruwan 2020 da na 2024, a daina auna su da na shekarun fari, lokacin da kogin kansa ya tsaya da gudu a Yamai a watan Yuni na 1985. In kuwa wata rana aka kawo maganar sabuwar gada da kamfani zai gina ya karɓi kuɗinsa, to a buga yarjejeniyar gaba ɗaya kafin a sa hannu, musamman sashen da yakan ce in motoci ba su kai adadin da aka yi hasashe ba baitulmali ne zai cika gibin, a kuma rubuta a cikinta cewa gadoji ukun da muke da su za su zamna kyauta.

Na ga abokanmu na ƙungiyoyin direbobi suna ta rubutu tun da na ambaci sikeli, na kuma san suna da abin cewa a kan tsadar mai da yawan shingayen da ba na peyaji ba. Shugaba, ina roƙon a fara ba su magana.